Ranar da Na Shige Gaban Malam

Tun da aka ɗaura mana aure Malam ne a gaba in za mu fita, ni a baya. Ba wanda ya kafa mana doka, haka muka ga iyayenmu suna yi, haka muka taho da abinmu Landan. Ko jirgin ƙasa za mu shiga a Stratford, shi ne mai duba allo, ni kuwa in rungume jaka in bi ƙeyarsa. Sai da na yi shekara da shekaru a unguwar ban san sunayen titunanta ba.

Daga baya ciwon ido ya kama shi, irin mai cin gani daga gefe-gefe, ya bar wa mutum ɗan abin da ke gabansa kawai. Shi kansa likita ne, ba mai yi masa daɗin baki. Ya ajiye aiki. Asibiti suka ba shi farar sanda, ya cusa ta ƙarƙashin gado. Na ce to ya riƙa dafa kafaɗata in za mu fita, ya ce shi bai kai a yi masa jagora mutane suna kallo ba. Daga nan ya daina fita. Ranar Juma'a ma sai ya ce ƙafarsa ke ciwo. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma daga kujera sai rediyo, ni kuwa tsorona kada ya ƙare rayuwarsa a kujerar nan.

A Rasha ya yi karatu, zamanin Tarayyar Sobiyat, kuma an taɓa kai su yawo ƙasashen nan uku na bakin tekun Baltik suna ɗalibai. Na sha wannan labari har na haddace shi. Sai na haɗa baki da babbar 'yarmu ta shirya mana tafiya.

"An riga an yi booking na jirgi da masauki, Malam," na ce da shi. "In ba za ka ba, ni sai in je in dawo in ba ka labari. Ka kuma san yadda nake ɓata labari."

Ya yi kwana da kwanaki yana mita, amma shi ya fara haɗa kaya.

Daga Lituwaniya muka fara, muka hau bas zuwa Latbiya, muka ƙare a Estoniya. Garuruwan tsaf-tsaf, tsofaffin unguwanninsu duk an shimfiɗe su da duwatsu masu tudu da kwari. Malam ya shige gaba kamar yadda ya saba, ni ina baya raina a hannu, ina ta "ga matakala, ga turke, ga keke." A wata kasuwa a birnin Riga na Latbiya ya yi karo da teburin mai kifi busasshe, ya ba matar haƙuri da Rashanci, ta amsa masa, suka ɓarke da hira. Ranar ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ji daɗi, amma gwiwarsa duk ta yi tabo.

A Estoniya aka ba mu labarin wata fadama a cikin daji, ba nisa da Talin, babban birninsu, muka shiga mota muka je. Ba irin fadamarmu ta rake da albasa ba ce. Fili ne iya ganinka, an lulluɓe shi da gansakuka ja da kore, ga 'yan bishiyoyi gajeru da suka ƙi girma, ga tafkuna nan da can, ruwansu baƙi kamar shayin da ba madara. Ƙasar ba ta takuwa, sai aka shimfiɗa katako biyu a jere, siriri, mutum ɗaya yake ɗauka.

Malam ya hau ya fara tafiya, kansa a sunkuye. In ya dubi ƙafarsa ba ya ganin gaba, in ya dubi gaba ba ya ganin ƙafarsa. Ba mu yi nisa ba hanyar ta karkata, shi bai karkata ba. Ƙafarsa ta dama ta nutse har gwiwa. Na cafko rigarsa na ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ya faɗo zaune a kan katako.

Ya tuɓe takalmin yana zubar da ruwa. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa lokaci guda irin na ranar ba.

"Mu koma, Hajiya," ya ce.

"Ba inda zan koma. Duk wannan nisa na zo, sai na ga ƙarshen katakon nan."

Na raɓa ta gefensa da ƙyar, na tsaya a gabansa na ba shi baya. Na jira shi, don na san bakina, in na buɗe shi sai na ɓata. Ba kowa a wurin, sai iska da wani tsuntsu can nesa. Na ji ya miƙe, na ji yana sa takalmi. An jima sai ga hannu a kafaɗata, yatsu biyu kawai, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce.

Nan na gane ni ma ban iya ba. Na yi sauri ya yi tuntuɓe, na rage ya take mini dunduniya. Muka yi ta faɗa ƙasa-ƙasa har ƙafafunmu suka daidaita. Da ya daina gadin ƙafarsa sai ya ɗaga kai, ya riƙa juya ɗan ganin da ya rage masa yana bin tafkunan ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya," ya ce. "Wancan gajimare ne a cikin ruwa?"

"Shi ne."

"Ikon Allah. Tun ɗazu ni katako kawai nake gani."

Ni ma a ranar na fara ganin wuri ba kowa a gabana, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Muka kai wata hasumiyar katako, muka hau tare, ina faɗa masa inda matakala ta ƙare. A sama muka ci burodi baƙi da kifi, safarsa na shan iska a jikin ƙarfe.

Ban saki jiki ba duk da haka. A can ba wanda ya san mu, Landan kuwa cike take da 'yan gida. Bayan mun dawo na ce ya raka ni Deptford sayen doya da manja, ya yarda. Muna cikin kasuwa, hannunsa na dama a kafaɗata, sai na hango wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Zariya, yana nufo mu yana kiran "Likita, Likita." Na ji hannun ya ɗaga daga kafaɗata, gabana ya faɗi.

Ashe sauya hannu ya yi. Ya dafa ni da na hagu, ya miƙa wa mutumin na dama, suka gaisa. Haka suka tsaya suna tambayar iyali da mutanen gida, ni ina tsakiya da doya a jaka, bai sake ni ba har suka gama.