Ƙarfe Ba Ya Girma

Jiya hitar ɗumama gidanmu a unguwar Morrisania, nan ƙasar waje, ta fara huci. Na ɗauko yukulelena, 'yar gita mai tsirkiya huɗu, sai bakin wani ƙarfe na wuyanta ya yanke ni a yatsa. Nan take tsohon da muka yi maƙwabtaka ya faɗo mini a rai.

Can gida, kafin ya zo ƙasar nan, gurmi yake sassaƙawa. Ba ya yarda da abin kiɗa sai ya rufe ido ya bi wuyansa da babban yatsa. Ranar da na sayo 'yar gitar a wani kanti a Fordham Road na kai masa ina taƙama. Ya shafa ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyanta, ya yi tsaki.

"Aikin inji ne, a ɗanyen itace suka dasa su. Bari sanyi ya shigo."

Sanyi ya shigo, hita ta busar da ɗaki, ƙarafan suka turo baki kamar haƙoran zarto. Na ce, "Baba, tsawo suke yi?"

"Ƙarfe ba ya girma, ɗana. Itacen ne ke janyewa."

Yana goge su da magagari, sai agogonsa ya zame har gwiwar hannu, ƙashi duk a waje. Ya ga na gani, ya ja hannun riga ya rufe. Bai kai ƙarshen sanyin ba.

Bana ƙarafan sun sake fitowa. Zobena ma tun watan jiya yake juyawa a yatsa, ban gaya wa kowa ba.

Allah Ya yalwata masa kabari. Ni kuma, in tawa ce ta matso, Ya sa in cika da imani.