Saƙon da Na Tura Ƙarƙashin Dutse

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Injiniya, mutumin da ya zana eriyar sadarwa ta mahaƙar ma'adinan da muke aiki. Matarsa ce ta kira ofis, ni na ɗauka. Abin da na iya ce mata shi ne "to". Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Injiniya, shekara goma sha ɗaya teburina yana kallon naka. Lokacin da ka zo, rediyon hannu ba ya wuce kwanar farko ta rami, wayar tarho kuwa duk dutsen da ya rufto sai ya tsinke ta. Ka ce igiyar rediyo mai dogon zango ƙwarai ita ke ratsa dutse, amma sai da eriya mai girman gaske. Ka shimfiɗa wayar tagulla kilomita huɗu, ka zagaye tudun nan da ita kamar shingen gona. Manaja ya ce ashe manomi muka ɗauka aiki. Ka taya kowa dariya, ka koma kan awonka.

Duk Litinin sai ka bi wayar nan da ƙafa, kana duba inda ruwa ya zaizaye ko babbar mota ta taka. Na taɓa ce maka na'ura ta nuna lafiya lau, wahalar me kake sha? Ka ce, "Ƙanwata, na'ura ba ta da ɗan'uwa a ƙasa." Kai kana da shi: ƙanenka ne shugaban masu haƙa.

Eriyar ba ta ɗaukar murya, sai rubutu, shi ma harafi bayan harafi. Don haka ka kafa mana doka biyu: kada saƙo ya wuce kalma biyar, kada kuma a tura wa mutum mugun labari yana ƙarƙashin dutse, don ƙafar mai ruɗewa ba ta ganin hanya. Na sha ce maka ka cika kafiya.

Ranar Talatar nan ƙanenka yana can ƙuryar rami, tafiyar awa uku kafin ya ga rana, an kuma sa jana'izarka bayan azahar. In an aika mutum da ƙafa, kafin ya kai su fito an riga an binne ka. Na zauna gaban na'urar tura saƙo, na rubuta masa: "Fito yanzu. Ana nemanka gida."

Ka san halinsa, ba ya barin mutanensa. Amsarsa ta hauro a hankali: "Aiki bai ƙare ba. Lafiya?"

Na dubi agogo, na dubi kujerarka. Sai na rubuta kalma ɗaya, sunan da yake kiranka da shi: "Yaya."

Minti huɗu allon bai motsa ba. Sannan haruffa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya: "Na taho. Ku jira ni."

Ya iso ana daidaita sahu, da hular ƙarfe a kansa, fitilarta ma bai kashe ba. Shi ya kama gaban makararka.

Na karya dokarka, Injiniya. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ga matarka, 'ya'yanka uku da ƙanenka, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.