Akushin Madobiya da Aka Yi Ta Dawo Mini da Shi

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan, ina aikin kafinta a Wudil, a wata rumfa ta bakin titi ba nisa da gada. Yini ake yi motocin siminti suna wucewa. Kowa yana gini, kowa yana son gado mai rumfa da kujeru masu kushin. Da aka jawo mana wutar lantarki, maigidana ya tafi Kano ya sayo injin da ke juya katako, don mu riƙa fitar da ƙafafun gado masu ado. Ranar da aka fara kunna shi har mahauta suka bar nama suka zo kallo.

Shekaruna ashirin da ɗaya a lokacin, kuma kaina cike yake da 'yan littattafan soyayya da nake saye ranar kasuwa. A cikinsu saurayi ba ya rabuwa da budurwa sai ya ba ta abin tunawa, ko zobe, ko hankici mai ƙamshi. Ni ma ina da wadda nake so: 'yar malamin gona da ke haya a bayan gidanmu. Ƙawar yayata ce, kuma ta hannun yayar take aron littattafaina. Ban taɓa ce mata komai ba bayan gaisuwa, amma a cikin zuciyata mun yi hira ta fi dubu.

Ana tsakiyar azumi yayata ta gaya mini an yi wa malamin gona canjin wurin aiki zuwa can gabas mai nisa, kuma kwana uku bayan Sallah za su tashi. Nan take na yanke shawara: ba za ta bar Wudil ba sai da wani abu nawa a hannunta. Zobe kowa yana iya saye. Ni abin da zan yi da hannuna nake so, akushi, amma irin wanda ba a taɓa gani ba.

Na hau keke zuwa Indabo wurin wani tsohon masassaƙi. Ya ce mata sun koma kwanon sha da langa, an manta da shi, don haka da ya ji abin da ya kawo ni sai ya jawo wani guntun madobiya daga ƙarƙashin rumbu, wanda ya yi shekaru yana bushewa.

"Injin naku zai iya da wannan?" in ji shi. "Gizagona biyu ya cinye."

Na ce masa zai iya, ko da yake ban sani ba.

Maigidana ya yarje mini in yi amfani da injin bayan la'asar. Na rage guntun da zarto, na ɗaure shi, na kunna. Rumfar gaba ɗaya ta kama rawa! Na kafa cizal, ƙarfen sassaƙa, sai ga ɓarɓashi ja yana tashi yana zuba mini a gashi da wuya. Maƙogwarona a bushe saboda azumi, amma ban ji ƙishirwa ba. A hankali guntun ya daina tsalle, ya koma yana juyawa sumul, sai ka ce a tsaye yake. Da na kashe injin na ga jijiyoyin itacen, ja da ruwan zuma sun nannaɗe juna kamar ruwan kogi in ya yi kwana, sai na yi ihu har maigidana ya leƙo ya ɗauka yatsa na yanke.

Kwana shida na yi. Raraƙe cikin ya fi wuya, don sau ɗaya cizal ya kufce ya tsaga mini leɓen akushin, dole na rage masa tsawo. Na bi shi da sanfefa har ya yi santsi kamar kumatun jariri. Ban ƙona shi ya yi baƙi ba yadda masassaƙa suke yi. Man gyaɗa kawai na shafa masa, launin ya fito.

Sai kuma tambaya ta taso: ta yaya zai isa hannunta? Ba zan iya sallama a ƙofar malamin gona riƙe da kyauta ba, kunya za ta kashe ni. Dabarar da ta zo mini, wadda na ɗauka ko marubutan littattafan nan ba su kai ta ba, ita ce tuwon Sallah. Kowane gida yana aika wa maƙwabta. Na roƙi yayata ta zuba nasu a cikin akushina ta kai da kanta. A lissafina, yarinyar za ta cinye tuwon, ta ga ja da ruwan zuma suna bayyana a ƙasa, ta gane komai, ta rungume shi.

Ranar Sallah da muka sauko daga Idi, aka malmala tuwon shinkafa a ciki, yayata ta ɗora faifai ta fita. Na kasa zama. Na shiga ɗaki, na fito, na sake hula sau biyu.

Kafin azahar sai ga yayata ta dawo, akushin a kanta.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Akushinka mana. Sun wanke shi tas, ga waina sun zubo. Uwar ta ce a gaishe da Inna."

"Ba ki ce kyauta ba ne?"

"Kai ka ce kada in faɗi komai, wai zuciya za ta gane. To ga abin da zuciyar ta gane, waina goma sha biyu."

Ko kusa ban kawo wannan a raina ba, alhali tun ina yaro nake gani. Kwanon da aka aiko da abincin Sallah ba ya kwana a gidan mutane, kuma ba ya komawa wayam. Matar da ta riƙe kwanon maƙwabta sai an yi shekara ana maganarta.

Amma ban karaya ba. Washegari na sayo nama, na lallaɓa Inna ta yi dambu, na ce ai maƙwabtan da za su yi tafiya sun cancanci ƙari. Aka sake kaiwa. Aka sake dawowa da shi, wannan karon da alkaki. Inna ta ɗaga akushin tana jujjuya shi, ta ce, "Kai, wannan abu da albarka yake. Gobe da shi za a kai wa gwaggonku a Kausani."

Yayata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta lafa ta ja ni gefe.

"Malam masoyi, saurara. Muddin da abinci a cikinsa, ko sau ɗari ka aika zai dawo. Ka ɗauke shi haka nan, ka kai da ƙafarka, ka buɗe bakin nan naka."

Da safiyar tafiyarsu na sace akushin daga ɗakin Inna, na naɗe shi a sabon ɗankwalin yayata. A ƙofar gidansu an riga an loda gadaje da buhuna a bayan babbar mota. Na durƙusa na gaishe da malamin gona, na tambayi gajiyar Sallah da shirin hanya, na ja gaisuwar iya yadda za ta jawu. Sai matarsa ta fito, ta hango abin da ke hannuna.

"Af, ɗan nan, wani aiken ne kuma? Ai mun ɗaure kwanukanmu, ba mu da inda za mu juye."

"Ba komai a ciki, Inna."

"To me za mu yi da shi?"

Yarinyar tana tsaye a bayanta da jakar makaranta. Direba ya bar ɗaurin igiya yana kallona. Duk kalmomin da na haddace daga littattafai suka gudu.

"Ni na yi shi," na ce. "Nata ne. Ba na dawowa ba ne."

Malamin gona ya karɓa, ya kwance ɗankwalin, ya ƙwanƙwasa gefen da yatsa. "Madobiya," in ji shi. "A injin nan na bakin gada? Lallai ka sha aiki." Ya dubi matarsa, ya dube ni, sannan ya miƙa wa 'yarsa.

Ta karɓa da hannu biyu. Da iyayen suka juya wajen direba, ta yi magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan akushin.

"Malam kafinta, ai ni na wanke shi duka biyun. Na ce a bar mini, Inna ta ce ba a riƙe kwanon mutane."

Ban san abin da na amsa ba. Ina jin cewa na yi Allah ya kiyaye hanya, wataƙila sau uku. Uwar ta ce a cusa shi cikin buhun kwanuka, yarinyar kuwa ta ce zai karce. Ta hau gaban mota kusa da taga, ta ɗora shi a cinya, ta dafe shi da tafukanta biyu. Haka na ga motar ta hau titi, ni kuma na tsaya riƙe da ɗankwali, ina ta murmushi ni kaɗai har wani mai amalanke ya ce in ba shi hanya.