Siebren da Ƙanƙarar da Ta Ƙi Zuwa

Siebren Wiersma gyaran keke yake yi a garin Bolsward na yankin Friesland, a wani ɗan shago da ke bakin hanyar ruwa. Idan sanyi ya shigo sai ya koma wasa wuƙaƙen da ke ƙasan takalman zamiya a kan ƙanƙara, ko da yake yanzu masu kawo masa a rufaffen fili suke zamiya, inda inji ke daskarar da ruwa. Mutumin kirki ne, amma taurin kai kam an ba shi har da gyara.

Ranar da aka yi tseren garuruwa goma sha ɗaya na ƙarshe, tseren zamiya na wuni guda da ba a yi sai shekarar da sanyi ya daskarar da hanyoyin ruwa, yana da katin shiga, ya wasa takalmansa, sai naƙuda ta kama matarsa Froukje. Jama'ar Friesland kaf suna kan ƙanƙara, shi yana asibiti. Ya riƙe hannunta ya ce, "Ba komai, ai badi na nan." Yarinyar da aka haifa ranar, Marrit, ta girma har ta haifi nata, ruwan bai sake yin taurin da zai ɗauki dubban mutane ba.

Marrit ɗin ce ta nuna masa kasuwar hasashe ta intanet, inda ake sayen "eh" ko "a'a" a kan abin da bai faru ba, farashi na hawa da sauka gwargwadon yardar mutane. Duk shekara akwai tambaya ta kusa: za a yi tseren bana? Siebren yakan leƙa waje ya ji daga ina iska ke zuwa, ya sayi "a'a", kuma bai taɓa faɗuwa ba. Akwai kuma ta nesa: za a yi nan da shekara goma? A nan "eh" ya saya, kuma duk lokacin da mutane suka guje ta sai ya ƙara. Sharrin tambaya mai nisa ke nan. Ba ta kunyata mutum bana, ba ta kunyata shi badi, sai buri ya samu wurin ɓuya a cikinta.

Yayansa Tjeerd, tsohon mai kiwon shanun madara, yakan zo shagon shan kofi da burodin sukari, kuma ba ya raga masa.

"Kai ƙane, kanka ɗaya kuwa? Bana ka ce a'a, badi za ka ce a'a. A wace shekarar ka ɓoye eh ɗin?"

"Ɗaya tak nake nema, yaya."

"Da wannan gwiwar? Kurciyar da ke kan rufin nan ta fi ka sauri."

Gwiwar kuwa ta lalace. Likita ta ce a sa masa ta ƙarfe, zai yi tafiya ba ciwo, amma ya manta da wuni guda a kan ƙanƙara. Siebren ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya ci gaba da ɗingishi, yana hawa matakalar gidansu yana cije leɓe, don kada ranar ta zo ta same shi da ƙafar da ba tasa ba. Abin tausayi ne ka ga ƙato kamarsa yana dafa bango kafin ya miƙe.

Wata Asabar cikin Janairu, ana yayyafi mai ɗumi, suka fito kasuwa shi da Froukje. A kan gada ƙafar ta ƙi, ya zube da jakar cuku a hannu, samari biyu suka ɗaga shi kamar buhu. Da suka koma gida ta zuba masa miyar wake, ta zauna ba ta ɗibi tata ba.

"Tun ranar da na haifi Marrit nake jin ni na hana ka," ta ce. "Na gaji, Siebren. Kai kana ɗingishi, ni ina ɗauke da laifi."

"Wa ya ce laifinki ne?"

"Ba ka ce ba. Amma ba ka daina jira ba."

Bai ci miyar ba. Ya jawo kwamfuta, ya buɗe tambayar shekara goma, ya daɗe yana kallonta. Ya san amsar tun tuni, shi ke faɗa wa duniya ita duk hunturu. Ya sayar da "eh" ɗinsa gaba ɗaya, sannan ya ce ta nemo masa lambar asibitin, zai kira ranar Litinin a sa masa ranar aikin gwiwar.

Ya ɗauka za ta yi murna. Sai ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

"To mene ne kuma, Froukje? Ba abin da kike so ba ne?"

"Shi ne," ta ce. "Amma duk safiyar hunturu, kafin ka sauko, nakan fita in jefa dutse a ruwan nan in ji ko zai tsaya a sama. Ni ma na ɗauka ƙanƙarar za ta zo."