Tururin da Ya Riƙe wa Mma Sana'arta

Tukwanen dalma nake zubawa a Suame, unguwar maƙera da masu gyaran mota. Muna narka tsofaffin sassan mota, mu zuba a yashi, tukunya ta fito. Duk wanda ya tsaya kusa da bututun hayaƙin murhunmu ya san yawan zafin da ke tafiya sama a banza. Na yi shekaru ina kallonsa, ban taɓa jin takaici ba sai da ƙirjin mahaifiyata ya lalace.

Mma tubani take yi, wato ƙullin wake da ake naɗewa a ganye a turara. Hayaƙin itace ya ci mata huhu, likita ya ce ta rabu da murhu in tana son ranta. Ta dawo gida ta zauna kwana huɗu ba ta kula kowa, a na biyar na same ta tana hura wuta tana tari. Na yi faɗa, ta ce, "Zama ne zai kashe ni kafin hayaƙi. Bar ni kawai."

Ban bar ta ba. Na samo sabon bututun ƙarfe na nannaɗe shi cikin bututun hayaƙinmu, ruwa na shiga ta ƙasa daga durom, yana fita ta sama ya zama tururi. Hayaƙi ba ya taɓa ruwan, zafinsa kaɗai ke ratsa ƙarfen. Na ja tururin ta ƙarƙashin katanga zuwa wata rumfa a baya inda Mma za ta riƙa dahuwa, can nesa da ƙaurinmu, na sa masa mafitar da za ta buɗe in ya yi ƙarfi. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai na koma mai abinci. Ranar da tubanin farko ya nuna, su suka fara miƙo hannu.

Abu ɗaya na manta, ni mai wayo: ba ma kunna murhu ran Juma'a, ita kuwa Juma'a ce babbar kasuwarta. Juma'ar farko ta koma kan itace a gida, ta wuni tana tari har da jini a tsumma. Na tsorata ƙwarai.

Na je wurin maigidanmu, dattijon da ya gaji wurin daga ubansa, na durƙusa na faɗa masa. Ya ce, "Tun zamanin babana wuta bai tashi nan ran Juma'a koraa, ko sau ɗaya."

"Na sani, Baba."

"Uwarka ya ci abinci yau?"

Na ce ba ta ci ba. Ya sallame ni.

Juma'ar da ta biyo na zo bayan asuba in sake roƙo, sai na tarar da shi ya naɗe hannun riga yana zuba gawayi da kansa. Ya ce za mu yi narki zuwa hantsi, mu kashe, mu yi wanka mu tafi masallaci. Haka muke yi har yau.

Ran nan bayan an sauko na bi ta inda take sayarwa. Wata mata na tambayarta yadda take dahuwa ba itace. Mma ta ja numfashi ya shiga har ƙasa, ta nuno ni cikin jama'a da ludayi.

"Ga injiniyan can," ta ce. "Ni na haife shi."