Ni Ce Hancin Mama

Shekara ashirin da bakwai mahaifiyata ta yi tana goge ƙasan asibiti. Ba nas ba ce, ba ta taɓa riƙe allura ba, amma in ta gama da ɗakin marasa lafiya, likita ma sai ya duba ƙasan takalminsa kafin ya shiga. Abokan aikinta Ƙal suke kiranta, don kullum cewa take sai wuri ya yi ƙal. Da ta yi ritaya ta miƙa musu bokitinsu, halin kuwa ta taho da shi gida, mu 'ya'yanta muka sha.

A wajen Mama, wurin da ba ya warin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, bai wanku ba. Ta ga ciwon da ya kusa warkewa ya ruɓe saboda hannun da ba a wanke ba, ta ga gadon da aka naɗe katifarsa saboda sakacin wani. Don haka ban taɓa ganin laifinta ba, sai dai ban gado ta ba. Ni tela ce, ɗakina kullum cike yake da ƙyallaye da zare, ina shara in na tuna. Duk zuwan da za ta yi gidana sai ta shafa yatsa a bakin taga ta nuna mini, ba ta cewa uffan. Da zagina ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Baba fentin mota ya yi, shekara talatin yana feshi a gareji da hankici ɗaure a hanci. Yana haura sittin huhunsa ya gaza. Likita ya ce hanyoyin iskar sun ƙuntace, ba za su koma yadda suke ba, amma in an kiyaye zai daɗe yana shan shayinsa. Aka ba shi abin shaƙa guda biyu, aka ce ya nisanci ƙura da hayaƙi da duk wani wari mai ƙarfi.

Ƙura kaɗai Mama ta ji. Ta ɗaura ɗamara. Ɗakin Baba a goge da bilic safe da yamma, a fesa maganin sauro kada zazzaɓi ya ƙara masa, a zuba kafur cikin kayansa, a bi da turaren fesawa saboda masu zuwa dubiya. In ya yi tari sai ta ce akwai sauran ƙura, ta sake ɗauko bokiti. Cikin wata biyar sau uku ana kwantar da shi.

Da aka sallame shi karo na uku Yayanmu ya ce a kai Baba gidana ya ɗan huta, tunda na fi kusa da asibiti. Mama ba ta so ba, amma ta bari. Ita ba za ta kwana gidan suruki ba, sai dai kullum ta zo da kwanon abinci, ta zauna a bakin kujera tana kallon ƙasan ɗakina kamar wadda aka sa dole. Abin mamaki, cikin mako biyu a wannan ɗakin nawa da ake rainawa Baba ya fara takawa har bakin ƙofa ba ya tsayawa hutu. Yaya ya zo ya gani, ya yanke hukunci: Baba ya zauna nan ke nan.

Jikin ya yi sauƙi, amma mutumin ya fara ƙanƙancewa. Shekara arba'in ba su taɓa raba gida da Mama ba. In ta tafi da la'asar sai ya juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa, ya zauna har shayinsa ya huce. Ran nan ina ɗinki ya ce, "Uwata, ni fa gidana nake so. Ko tari ne in yi shi kusa da tsohuwar nan."

Na ce, "Baba, gidan nan yana kayar da kai."

Ya ce, "Ba gidan ba ne. Da ta buɗe galan ɗin bilic ɗin nan ƙirjina yake rufewa."

Na tsayar da keke. "Ka sani, shi ne ba ka faɗa mata ba?"

"Abin da ta iya ke nan, da shi take jinyata. In na karɓe mata shi, me na bar mata?"

Raina ya ɓaci, da shi da ita duka. Washegari kuwa sai ga Mama da galan da bokiti, wai tunda nan zai zauna bari ta mai da ɗakin na mutane. Baba yana tsakar gida. Tana buɗe murfin idona ya kawo ruwa, ita kuwa tuttulawa take yi ba awo. Na ce ta rufe. Ta ce in matsa mata. Bakina dama ba ya da birki, na ce, "Mama, ke ce kike kai shi asibiti. Wannan abin ne yake shaƙe shi."

Ta dube ni. Sai ta ɗaga galan ɗin ta kai hancinta bakinsa, ta ja, abin da ni daga nesa ya sa ni tari. Ta ce, "Wannan? Ai ba ya ma wari. Na yanzu duk sun rage masa ƙarfi, shi ya sa nake ninkawa."

Nan na gane. Ba ƙarfinsa aka rage ba, hancinta ne ya mutu, ba mu sani ba, ita ma ba ta sani ba. Na tuna sau nawa abinci ya kama a gabanta sai wani ya yi magana, muna cewa tsufa ne. Na ce mata a hankali, "Mama, yana wari. Dubi idona."

Ta duba. Ta rufe galan, ta ɗauki bokitinta, ta fita ba ta ko yi wa Baba sallama ba. Kwana uku ba ta zo ba. Na yi kuka, na ji kunyar bakina, Baba kuma ya daina yi mini magana sai in ya zama dole.

Rana ta huɗu da hantsi ta shigo da takarda a hannu. Ashe asibitinsu na da ta koma, sashen masu ciwon ƙirji, ta sami wata nas da ta sani tun tana sabuwar ɗauka, ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta nemi gafara ba, ba ta jira tawa ba. Cewa ta yi, "Rufe keken nan ki tashi. Daga yau ke ce hancina."

Wuni guda muka yi a gidansu. Ta ɗauko abu ta miƙo mini, in sansana in faɗa. Kafur ya fita. Turaren fesawa ya fita. Maganin sauro ya fita, aka ɗaura gidan sauro, aka gyara ragar taga. Labule da zanen gado muka sake wanke su da sabulu marar ƙamshi, kayan Baba suka yi kwana huɗu a igiya kafin na ce sun yi. Ƙasa kuwa ruwan ɗumi da sabulu da ɗanyen tsumma, ba sharar da za ta ta da ƙura. Suya ta koma bayan gida. Bilic aka bar wa banɗaki kawai, da awo, a tsarma shi da ruwa, sai Baba ba ya nan kuma taga a buɗe. Ta bi takardar nan tsaf, yadda take bin dokar asibiti. Ragowar galan biyu ta tura gabana ta ce, "Kai gidanki, can ake buƙata."

Da muka nemi Baba ya koma gida, Yaya ya ce gwajin mako ɗaya ya yarda da shi, in Baba ya sake faɗuwa ba mai ƙara yi masa maganar. Ranar da muka kai shi, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya ja numfashi a hankali, mu duka muna kallon ƙirjinsa. Ya sake ja. Sai ya ce in ba shi zare. Ya rataya shi a saman ƙofa kamar yadda suke yi a gareji kafin feshi, don su ga inda iska ta nufa. Zaren ya karkata daga kicin zuwa gadonsa. Aka ja gadon zuwa ɗaya bangon, Mama tana mita wai sai yau ya tuna shi gwani ne.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Yanzu wata tara ke nan. Ciwon yana nan, abin shaƙarsa yana aljihu, akwai ranakun da ko wanka sai ya huta a tsakani. Amma bai sake kwana a asibiti ba, kuma a gidansa yake.

Duk zuwan da zan yi, Mama tana tare ni a ƙofa kafin gaisuwa ta ce, "Me kike ji?" Makon jiya na tsaya na ja iska sosai, na ce, "Ba komai. Sai shayin Baba, da ɗan warin tsohuwar hularsa."

Can ta ce, "Yana nan yadda yake da? Na manta shi."

Na ce yana nan.

Daga ciki Baba ya yi tari sau ɗaya. Na ga hannunta ya nufi inda bokiti yake, ya tsaya a hanya. Ta goge shi a zaninta, ta shiga ta ƙara buɗe masa taga, ta zauna kusa da shi.