Kwallin Iya

Ranar wata Juma'a, ina aji uku a firamare, a gidanmu na ƙauye kusa da Buji, kakarmu Iya ta jera mu a bakin ɗakinta bayan mun gama kai wa awaki dusa. Mu bakwai ne jikokinta mata. Ta buɗe tandun kwalli, ta zizara wa kanta, sannan ta bi mu da tsinken nan ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi hawaye ta share mata da bakin mayafinta. Ƙanwata Hadiza, 'yar lelenta, ita ke fara miƙa fuska. "Ido ba kwalli, miya ba gishiri," in ji Iya.

Idon Iya kuwa kullum ja ne, yana kwantsa, gashinsa ya lanƙwashe ciki yana sukarta. A gida aka ce gado ne. Da namu suka fara kwana a manne, sai aka ƙara mana kwallin, wai magani. Muna ɓarar gyaɗa muna murza ido, muna gaɗa ƙudaje na bin fuskarmu.

Sai a sakandare malamarmu ta kiwon lafiya ta fayyace mana: ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, takan bar kwantsar mai ciwo ta hau tsinke ko mayafi ko ƙafar ƙuda, ta shige cikin fatar idon wani ta hayayyafa. Ciwon ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo, har wurin ya yi tabo, gashin ido ya juya yana karce ganin mutum. Da hutu na kai wa Kawu, malamin makaranta, labarin da zumuɗi. Ya ce, "Ai na daɗe da sani. To ni zan buɗe baki in ce wa Iya idonta ne ke cutar da yara?"

Iya ba ta sani ba, Allah ya jiƙanta. Shi ya sani, ya zaɓi kunya a kan idon 'ya'yan 'yar'uwarsa!

Yau maganin ciwon har ƙofar gida ma'aikatan lafiya ke kawo mana shi a Takur, unguwar da muke zaune yanzu. Hadiza ba ta kai arba'in ba, amma idonta na hagu ya tafi, ni nake zura mata zare a allura. Na ce na yafe wa Kawu, zuciyata ce har yanzu ba ta amsa ba.